Yadda Za Ka Zama Dillalin Ƙanzon Kurege Cikin Sauƙi

A da, kafin mutum ya yi suna wajen yaɗa jita-jita sai ya sha zaman majalisa da teburin mai shayi. Yanzu kuwa waya da 'yar data sun wadatar. Ga mai son ƙwarewa, ga matakan bi.

Na farko, kanun labari ya ishe ka. Da ka ga "DA ƊUMI-ƊUMI" da manyan baƙaƙe, danna ka tura. Idan ka tsaya karanta cikin labarin, wani zai riga ka kai shi guruf ɗin dangi, ya kwashe ladan.

Na biyu, kada ka kuskura ka tambayi wanda ya faɗa. "Wani babban likita a Indiya" ai majiya ce mai tushe, ko da ba shi da suna balle asibiti. Ka yi koyi da gwanayen watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare saƙo ya zagaye ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Kafin asuba an tashi yara da tsofaffi, kowa da bokitinsa. Ebola ba ta ma san ana yi ba. Gishirin ne ya kwantar da mutane a asibiti, har aka rasa rayuka.

Na uku, kwanan wata ba ruwanka da shi. Hoton ambaliyar wata ƙasa na shekaru goma da suka wuce, rubuta masa sunan garinku, ka ƙara da "yanzu-yanzu". Ka nisanci Google Lens, domin idan ka ɗora masa hoton zai nuna maka wuraren da aka taɓa wallafa shi, ya ɓata maka ciniki.

Na huɗu, kada ka ɗaga ido ka dubi adireshin shafi. Yawancin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya da gov.ng suke ƙarewa, to amma ina ruwanka? Idan shafi ya manna tambarin gwamnati, ya ce ka ci tallafi, ya nemi lambar BVN da lambar sirrin katinka, miƙa masa da sauri. Bayan ya yashe asusunka, tura wa mutum goma kamar yadda ya umarta, kada ka yi rowar alheri.

Na biyar, ka ɗauki yawan turawa a matsayin hujja. Tun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, yana kuma sa wa saƙon da ya sha yawo alamar kibiya biyu. Su gargaɗi suke nufi. Kai ka ce ta yaya dubban mutane za su taru a kan ƙarya?

Na shida, idan an ƙaryata, ka dage. Da aka baza cewa shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya rasu an kawo wani Jubril daga Sudan ya maye gurbinsa, sai da ya fito a ƙasar Polan a Disambar 2018 ya ce shi ne dai da kansa. Ƙwararru suka ce ai dole Jubril ya faɗi haka. In masu bin diddigi irin su Dubawa ko Africa Check sun kawo hujja, ka ce an saye su, ka rufe da cewa ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai a kula, tambayoyi uku ne ke kashe wannan sana'a: wa ya faɗa, yaushe, ina shaida? Aya ta 6 a Suratul Hujurati ma umarni take yi da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Don haka mai karatu, in ka ga ba za ka iya haɗa dillancin nan da tsoron Allah ba, riƙe yatsanka, ka bar saƙon ya mutu a wayarka.