Roba-robana Ya Koyi Ruri

Babur roba-roba ba don gudu aka yi shi ba. Kowa ya san haka a Kano, har da ni, kafin shaiɗan ya shiga tsakanina da nawa. Abin hawa ne na malaman makaranta da ma'aikatan sakatariya da magidantan da ke rataya ledar cefane a gaban ƙafa. Ba kulocin hannu, sarƙa a rufe take ba ta cin bakin riga, ka taka giya ka kama hanya da mutuncinka. Kakansa shi ne Super Cub ɗin da Honda ta fara ƙerawa a Japan a 1958, wanda zuwa 2017 aka yi sama da miliyan 100, kuma yawancin waɗanda muke hawa a nan 'yan China ne da aka kwaikwayo daga injinsa. Nawa mai cc 110 ne. A lissafin injiniyoyi ƙarfinsa na doki shida ne ko bakwai, kuma ban ce dawakin hawan Sallah ba.

A kan gadar Ƙofar Nassarawa aka ci mini mutunci. Ina hawa a giya ta uku, inji yana nishi, sai ga wani adaidaita sahu ya jero da ni, mata uku a baya, buhun shinkafa a ƙafarsu, ga wani ƙato ya raɓa kusa da direba. Direban, yaro ne da bai fi sa'an ƙanena na uku ba, ya leƙo ya ce, "Baba, ko a ɗan tura ka?" Ya wuce abinsa. Turawar ba ta dame ni kamar Baban ba.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na shiga YouTube na tarar da samarin Tailan da Indunusiya suna tsere da babura irin nawa sak, sun tuɓe musu roba, sun kwanta a kai, suna wucewa kafin ka ƙifta ido. Wani mai bayani ya ce inji ba komai ba ne illa famfon iska: ka buɗe masa hanci ya shaƙa da yawa, ka buɗe masa baya ya fitar da sauri, ƙarfi ya ƙaru. Magana ta zauna mini daram. Bidiyon yana da saura, amma data ta ƙare, ni kuma a ganina na riga na kama zaren.

Bakanikena yana ƙarƙashin wata darbejiya, mutum ne da ba ya son doguwar magana. Na faka, na tattara hannun riga, na shiga yi masa darasi irin wanda nake yi wa 'yan aji uku. Ya bari na gama, ya goge hannu da tsumma.

"Malam, me mashin ɗin nan ya yi maka?"

Na ce an shaƙe shi ne tun daga kamfani.

"Su da suka ƙera shi ba su san da wannan dabarar ba?"

Na ce sun sani mana, dokokin hayaƙi da na ƙara ne suka ɗaure musu hannu. Wannan kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, shi ya sa na faɗe shi da ƙarfi. Ya dube ni, ya dubi babur, ya ce, "To, kuɗinka ne."

Aka kwance eyakilina, baƙin akwatin robar nan mai soso a ciki, aka ɗaura wa kafireto wata 'yar matata ja mai hular ƙarfe da na sayo a wajen 'yan kayan babur. Aka sauke salansa. A madadinta na zo da wani gajeren bututu mai sheƙi, bakinsa ya isa yaro ya zura hannu, in ka leƙa ta nan kana hango haske ta can. Mai walda ya lanƙwasa, ya liƙa, ya yi masa mariƙi. Tsohuwar salansa da akwatin kuwa bakanike ya tura su ƙarƙashin bencinsa. Na ce ya sayar wa 'yan gwangwan ya sha shayi. Ya ce, "A'a, suna nan sai ranar da ka dawo."

Da na buga kik, sai da awakin da ke kwance a gindin bishiyar suka tsinke a guje. Ban taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba. Rurin yana shiga ta tafin ƙafa ya fita ta ƙeya. Na murɗa totur, yaran gareji suka yi shewa, na ji shekara ashirin ta sauka daga kafaɗata. Na miƙi titin Zariya, iska tana dukan fuska, hula na neman tashi, a raina ina cewa yau kam sai dai jirgi. Da na saci kallon allurar mita, sai na gan ta a tamanin, inda ta saba tsayawa tun ranar da na sayi babur ɗin. Na yanke hukuncin mitar ce ta lalace.

Abin da ya fi wuyar musantawa shi ne tashi daga danja. Da, in fitila ta ba da hannu, na murɗa, babur ya ɗauka salin-alin. Yanzu in na murɗa da sauri sai ya yi wani "booo", ya shaƙe, ya yi kamar zai mutu, masu mota suna ta danna mini ham, sannan ya farfaɗo da ihu. In kuma na saki totur a gangara, sai bututun ya riƙa harbi, tas! tas! Garin da ya ga hare-haren 2012 ba ya wasa da irin wannan ƙara. Wata yamma na sako kai layinmu ya saki guda biyu a jere, mai awara ta bar kaskonta a wuta ta faɗa zauren mutane, almajirai suka watse. Da ƙura ta lafa ta fito ta gan ni, ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, kai ne? Da girmanka?" Ban sami amsa ba, na sayi awarar da ban yi niyya ba.

Ga abin da ragowar bidiyon zai gaya mini da data ta kai. Fetur ba ya ƙonewa yadda ya kamata sai ya sami iska daidai gwargwado, kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Kafireto kuwa ba shi da ƙwaƙwalwa. Iskar da inji ke zuƙa ita ce take janyo mai ta wani ɗan rami a jikin jet, ramin da bai kai milimita ɗaya ba, kuma an auna shi ne da wancan akwatin da waccan salansar a jiki. Da na cire su, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Irin wannan haɗin yana sa inji zafi, ga shi roba-roba ba shi da lagireto, iskar hanya ce kawai take sanyaya shi. Bakanike ya kwance fulogi ya miƙo mini. Bakinsa ya yi fari fat. Ya ce lafiyayye ruwan ƙasa yake yi, wannan kuwa yunwa ce, in na ci gaba fistin zai iya tafiya.

Magani shi ne jet mai ramin da ya ɗan fi wannan faɗi. Muka aika yaro ya zaga, bai samo lambar da ta dace ba. Ni da gaggawa, na ce a yi dabara. Bakanike ya ciro silin waya ɗaya daga tsohuwar wayar birki, ya riƙe jet ɗin da yatsa biyu, ya zura, ya murza, ya ɗaga shi saitin rana yana kanne ido. Na ce a ƙara. Ya ƙara. Na ce a ɗan ƙara dai, kada mu yi aiki biyu. Ya ce, "Malam, rami in ya buɗe ba ya komawa." Na ce na ji.

Harbi ya ragu, gaskiya. Amma fulogi ya koma baƙi ƙirin, bututu yana tofar da baƙin hayaƙi, kayana duk warin fetur. Wannan kuma bayan 29 ga Mayun 2023 ne, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin daga baya ta tsallake dubu. A lokacin da masu motoci ke jingine su suna neman irin babur ɗina don tsimi, ni na mayar da nawa mashayi. Uwargida ta tsaya a ƙofa wata safiya tana kallon hayaƙin, ta ce, "Malam, kuɗin cefanen ne yake fita ta nan?"

A unguwa kuwa suna ya bi ni. Wata maƙwabciya ta aiko 'yarta da roba cike da tumatur da attaruhu, wai ta ji an kafa injin markaɗe a gidanmu. Har yau ban tabbatar ko da gaske ta yi ko da gayya ba, amma daga ranar yara suka sa mini Malam Markaɗe. Liman bai ce komai kai tsaye ba, sai dai bayan sallar asuba ya yi gajeriyar nasiha kan haƙƙin maƙwabtaka yana kallon sahun da nake. Daga nan na koma tura babur da ƙafa tun daga zaure har bakin titi kafin in tayar, da dare ma in kashe shi daga nesa in turo. Babur ɗin da na gyara don gudu, ni nake kai shi.

Duk da haka ban sallama ba. A majalisa na kare kaina da tarihi, don na yi karatu a kai. Na ba su labarin Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ na Jamus ta Gabas, wanda da taimakon siffar salansa ya fitar da ƙarfin doki kusan 25 daga inji mai cc 125, da yadda mai tseren kamfanin, Ernst Degner, ya tsere zuwa Yamma a 1961 ya koma Suzuki, shekara na zagayowa ya ci kambin duniya na ajin cc 50. Na ce to ku gani, sirrin yana bututu. Wani dattijo da ya yi aikin gyara a reluwe, wanda har yau Vespa yake hawa, ya gyara zama. Ya ce labarin gaskiya ne, amma na inji mai bugu biyu ne, irin nasa da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Shi ba shi da bawul, don haka ake yi wa salansarsa tumbi mai tsukakken ƙarshe, yadda bugun hayaƙi zai dawo ya tura man da ke neman tserewa cikin silinda, kuma tsawon da faɗin duk da lissafi. "Naka mai bugu huɗu ne, ɗana. Shi ma yana son bututu daidai shi. In ya yi faɗi da yawa hayaƙi ba ya gudu a ciki, ƙarfin tashi da na hawan tudu ya zube. Shi Bajamushen awo ya yi. Kai wa ya auna maka?" Na ce mai walda ne, da ido.

Bai ƙyale ni a nan ba. Ya ce ko da na dace ƙarfin ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari, gudun ƙarshe da kusan kashi uku kawai zai ƙaru, domin iska ce abokiyar gaba: in kana son ninka gudu, sai ka ninka ƙarfi sau takwas. Wato tamanin ɗina za ta zama tamanin da biyu da ɗoriya. "Kuma da babbar riga kake hawa," in ji shi. Majalisa ta kwashe da dariya, har da masu bina bashi.

Hunturu ne ya rufe shari'ar. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta sauka a gari, jar matatata kuwa a buɗe take tana fuskantar hanya, kuma ashe irinta sai ana wankewa ana shafa mata mai, abin da ban taɓa yi ba. Kik ya fara laushi a ƙafa. Hayaƙi ya tashi daga baƙi ya koma shuɗi, baƙin mai yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Da na tura shi gindin darbejiya, bakanike ya cire matatar, ya zura ɗan yatsa a maƙogwaron kafireto, ya fito da shi ja jawur da laka mai laushi. Ya murza ta a tafin hannuna, na ji tana ƙaras-ƙaras. Ya ce wannan ce ta shiga ta cinye ringi da bangon silinda.

Aka sauya bulok da fistin da ringi, aka sayo jet irin na asali. Ya sunkuya ƙarƙashin benci ya jawo tsohuwar salansa da akwatin, ya kaɗe musu ƙura, bai ce uffan ba. Yaronsa ne dai ya kasa riƙe dariya aka aike shi sayen ruwa. Kafin ya miƙo mini makulli ya saita bawul, ya ja sarƙa ya ɗiga mata mai, ya taɓa tayar baya ya girgiza kai, ya ce rabin iskarta babu. Da na hau, babur ya ɗauka da wani kuzarin da na manta yana da shi. Na ce me ya hana ka yi mini wannan tun farko? Ya ce, "Darasi ka zo ba ni, Malam, ba tambaya ka zo yi ba."

Bututun na sayar wa ɗan maƙwabcina da rabin kuɗinsa, kuma Allah Ya yafe mini, sai da na yaba masa shi sosai. Yaron yana sarin kayan gwari a 'Yankaba, kafin kiran sallar farko yake fita, kuma a ƙarƙashin tagar ɗakina yake ɗuma inji. Uwargida ta ce in je in yi magana. Na sami mahaifinsa bayan la'asar, muka gaisa, na kawo ƙorafi cikin ladabi. Alhaji ya saurare ni tsaf, ya ce, "Ikon Allah. Ai cewa ya yi a wurinka ya saya, Malam, har ka ce masa yana ƙara gudu."

Na nemi yaron na ce ya mayar mini da kayana in ba shi kuɗinsa. Ya sosa ƙeya ya ce shi bai ƙi ba, Baba, amma ai na san yadda kaya suka tashi.