Ni Ne, Wallahi Ni Ne

Darasin zane-zane aka ɗora mini a makarantarmu ta firamare a Gummi, don kawai na fi sauran malamai kyan rubutu a allo. Cikin abin da za a koyar har da yadda yaro zai zana kansa da kansa. Na ga bai dace in sa yara aikin da ban taɓa gwadawa ba, sai na ari madubin uwargida, na jingina shi da buta, na turo ƙofa.

Ashe fuska ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ka dubi madubi, ka sunkuya kan takarda, kafin ka ɗago hanci ya sake mazauni. Ga shi mai zanen kansa dole ya ƙura ido ya haɗe gira, don haka abin da hannu zai kwafo shi ne mutum mai fushi. Na yi ta goge hancin nan har takarda ta huje. Uwargida ta leƙo neman madubinta, ta tsaya a kaina.

"Malam, wanga wa na? Bashi yaka bin ka?"

Na ba kaina haƙuri da labarin Van Gogh, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, da ya zana fuskarsa wajen sau 35, galibi don ba shi da kuɗin biyan wanda zai zauna masa. A rashin kuɗin dai mun yi tarayya. Na kwafi fuskar a kan farin yadi da biro, tunda yadi ba ya hujewa da wuri, sai dai kuma biro ba ya goguwa.

Riga da hula suka gagara, sai na koma ga dabarar yanka da manni. Bangon garinmu har lokacin cike yake da fastocin zaɓen 2023, kuma babu mai sa riga mai kyau irin ɗan takara ranar ɗaukar hoto. Na bi da reza bayan isha'i. Na yanko babbar riga mai aska takwas daga jikin wani, hula zanna daga kan wani, na jiƙa ƙaro na manna. Kafin gari ya waye tururuwa sun gano ƙaron, sun yi layi daga wuyan riga zuwa aljihu.

Saura fuskar, da ke buƙatar zare. Wannan aikin Gwaggo ne, ƙanwar mahaifina da ke Bukkuyum, wadda ta tsufa a ɗinkin hula. Ita tsarin aikinta sananne ne: mai zane ya tsaga yadi da biro da rula, mata su bi layin da allura, a kai wa mai wanki ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora a kan itace ya buga. Duk zanen hula layi ne da kusurwa da gida-gida, ban taɓa ganin mai hanci ba. Gwaggo ta ɗaga yadin a hasken ƙofa, ta juya shi sama ta juya ƙasa, sannan ta dube ni.

"Kai ɗan nan, billenka ga hagu yake. Ni ar riƙe ka randa wanzami yay yi maka shi. Mi ak kai shi dama?"

Na ce Gwaggo, aikin madubi ne, shi ke mayar da hagu dama. Na ƙara mata da cewa shi kansa Van Gogh kunnen hagu ya yanke, amma a hoton da ya yi a 1889 bandeji a dama ya fito. Ta ce mutumin da ya yanke kunnensa da hannunsa ba da shi za a kafa mata hujja ba. Ta ɗinke billen a inda wanzami ya sa shi. Na dama kuwa biro ne, ya ƙi fita, don haka na tashi da bille biyu.

Goshi ya tsaya mata a rai. A sana'arta farin wuri a jikin hula shaidar lalaci ce, sai ta cika shi da gida-gida na zare kore da ruwan ƙwai, tsaf, ba ko tsallaken allura. Idanu ta ce ba ta iya ba, ta sa maɓallan wata tsohuwar riga, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Gaskiya ɗinki ya yi kyau, ko a Kano sai an taya goshin nan.

Kafin in nuna wa yara na kai wa limamin unguwarmu, don na san malamai suna da magana kan zana abu mai rai. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa, ya ce: "Malam, kwantar da hankalinka. Wanga bai yi kama da komai cikin halittar Allah ba."

Aka kira mu taron malamai a Anka, aka ce kowa ya zo da kayan koyarwa. Na buga wa hoton katako, na shiga mota. Mun tsaya Daki Takwas ana lodi, wani yaro ya hango shi ta taga ya ɗaga hannu: "Sai ka yi!" Na yi murmushi, na ɗauka zane ya burge shi. A tashar Anka ne abin ya girma. Ashe lokacin da nake yanka, rabin tsintsiya ya biyo hannun riga, gefen lema kuma ya maƙale a bayan hula. Matasa suka kewaye ni, wasu na cewa kansila nake nema, wasu na cewa ɗan majalisa, kowane ɓangare na tambaya yaushe na sauya sheƙa. Wani maroƙi ya faɗo daga inda ban sani ba, ya tambayi sunan kakana, ya shiga wasa ni da gonakin da ba mu taɓa mallaka ba.

Na ɗaga hoton kusa da fuskata ina rantsuwa cewa malamin makaranta ne ni, kuma wannan ni ne. Wani dattijo mai goro ya dube ni, ya dubi hoton, ya ce wa taron su rabu da ni, ɗan aike ne, maigidan ne a jiki. Nan take aka koma neman saƙon da maigida ya bayar. Kuɗin motar komawata ya tafi a shan ruwan matasa, maroƙi ya karɓi canjin.

A makaranta 'yan aji uku suka yi ta dariya, wata 'yar aji ɗaya ta fashe da kuka, shugaban makaranta ya roƙe ni in mayar da shi gida. Uwargida ta ce ba dai a ɗakinta ba. Ƙaninta, mai noman shinkafa a fadama, shi ya are shi lokacin da jan baki suka dame shi, ya kafa a kan gora a tsakiyar gona. Ranar Juma'a ya aiko da tiya ɗaya ta shinkafa, da saƙon cewa maƙwabtansa na gona suna tambaya nawa nake yin ɗaya.