Wasiƙa Daga Mancesta: A Bar Wayar Baffa A Kunne

Zuwa ga Baffa da dukan mutanen gida, Masanawa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ɗanku na Ingila yana durƙusawa yana gaida Baffa, yana gaida Inna da Gwaggo, da Yaya da iyalinsa, da 'yan majalisar gindin darbejiya waɗanda ba a taɓa jin sun ce "ba mu sani ba" tun da aka kafa garin. Yana nan lafiya, sai sanyi. A watan Disamba rana a nan kafin ƙarfe 4 ta yi sallama, mutum ya idar da magariba da isha'i ya duba agogo ya ga ashe yanzu aka tashi daga aiki. Wannan dogon dare ne ya koya wa ɗanku sabuwar ɗabi'a: zama gaban talabijin yana kallon Turawa suna yi wa junansu kacici-kacici, ana raba kuɗi.

Mutanen nan ba abin da suke ƙauna irin tambaya. Da yamma akwai The Chase, wanda tashar ITV ta fara a 2009. Ɗaliban jami'a suna da nasu, University Challenge, tun 1962. Har a mashaya ana ware dare guda a mako don kacici-kacici. Wannan kam labari ɗanku ya ji, Baffa ya kwantar da hankalinsa.

Uban tafiyar shi ne Who Wants to Be a Millionaire, wanda aka fara a Satumba 1998 da Chris Tarrant a kujerar mai tambaya, kafin Jeremy Clarkson ya karɓe ta a 2018. Tambayoyi 15 ne, kowace da amsoshi huɗu, ɗaya ta gaskiya uku na ruɗu. Ana farawa da fam 100, a ƙare da fam miliyan ɗaya. In mutum ya kakare yana da hanyoyin neman agaji: ko a share masa amsoshi biyu na ƙarya, ko ya tambayi 'yan kallo, ko ya buga wa wani nasa waya. Mai amsa wayar sakan 30 kacal ake ba shi. Baffa ya riƙe wannan adadi, akwai magana a kansa.

Wadda ta fara cinye miliyan ɗin a Birtaniya wata mata ce, Judith Keppel, a Nuwamba 2000. Tambayarta ta ƙarshe ita ce: wane sarki ne ya auri Eleanor ta Aquitaine? Ta ce Henry na Biyu, ta kuwa dace. Ashe 'yan watanni kafin nan ta bi ta wani tsohon gidan ibada a Faransa inda kabarin matar yake tare da na mijin. Ziyarar maƙabarta ce ta yi mata rana. A karanta wa Gwaggo wannan wuri da kyau, ita da ta san wanda ya auri wa daga Masanawa har Garo da Getso, da wanda ya yi saki, da abin da ya jawo sakin, da wanda ya yi biko. Ta ji irin ilimin da ake biyan fam miliyan a kansa, ita kuwa tana ta rabar da nata kyauta a gidan suna.

Shekara na zagayowa, a Satumba 2001, wani manjo na sojan Birtaniya mai suna Charles Ingram ya hau kujerar ya amsa dukan tambayoyin, amma ko kobo bai shiga aljihunsa ba. Masu shirin sun koma sun saurari faifan, suka ji wani abu: in manjo ya ambaci amsar da take daidai, sai wani malamin kwaleji da ke zaune cikin masu jiran layi, Tecwen Whittock, ya yi tari. A 2003 kotu ta same su da laifin zamba, su biyu da matar manjon. Ɗanku ya yi wa wannan shari'a dogon nazari, ya tabbatar dabarar ba za ta ci ba a gida. A ɗauki shirin a Kabo tsakiyar hunturu, hazo ya sauko, a ga ikon Allah: kowace amsa, daga ta ɗaya har ta huɗu, sai ta samu masu tari goma.

Kada Yaya ya ce wannan duk tatsuniyar Turawa ce. Najeriya ta samu nata shirin a 2004, Frank Edoho yana tambaya, MTN tana ɗaukar nauyi, kuma a 2009 Aroma Ufodike ya share tambayoyin duka ya tafi da naira miliyan 10. A wancan zamani miliyan 10 tana amsa sunanta.

Wanda ya fi ba ɗanku tsoro shi ne Mastermind na BBC, da ake yi tun 1972. Babu miliyan, babu waya, babu aboki. Baƙar kujera ce a tsakiyar ɗaki mai duhu, an haske fuskar mutum da fitila, ana jefo masa tambayoyi ba numfashi har agogo ya tsaida shi. Wanda ya ƙirƙiro shirin, Bill Wright, ya yi zaman fursuna a hannun Jamusawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma daga tuhumar da ya sha a can ya samo fasalin. Bayan duk wannan azaba, ladan zakara kwanon gilashi ne. Kwano, Baffa, ko murfi babu! A 1977 wanda ya ɗauke shi Sir David Hunt ne, mutumin da ya yi jakadan Birtaniya a Legas daga 1967 zuwa 1969. A 1980 kuma sai ga wani direban tasi na Landan, Fred Housego, ya yi awon gaba da shi. A isar wa direbobin tashar Gwarzo da wannan labari, su daina raina surutun da suke yi kafin mota ta cika.

Ana cikin wannan nishaɗi sai wasa ya zama gaske. Baƙon da ke neman takardar zama ta dindindin, ko ta zama ɗan ƙasa, sai ya ci wata jarrabawa mai suna Life in the UK: tambayoyi 24 cikin minti 45, a ci 18 ko kuma sai wani jiƙon. A nan ba a ba mutum ko sisi, shi ne ma zai biya fam 50. Ɗanku, wanda Baffa ya sha kora da tsumagiya zuwa makarantar allo, yanzu ga shi da ƙaramin littafi a aljihu yana tilawa a cikin bas. Ya haddace cewa a 1066 aka yi yaƙin Hastings, a 1215 aka tilasta wa Sarki John amincewa da Magna Carta. Ya san furen da ke wakiltar Sukotlan wata ƙayar jeji ce. Ya san wani Ba'indiye, Sake Dean Mahomet, shi ya buɗe gidan abincin Indiya a Landan a 1810. Ya kuma san Sarki Henry na Takwas ya auri mata shida: biyu ya rabu da su, biyu ya sa aka fille musu kai, ɗaya ta rasu bayan haihuwa, ɗaya ta ga bayansa. Duk da haka bai taɓa haɗa biyu a gida ba, don a nan kishiya ce babban laifi.

Wata rana a wurin aiki, lokacin shan shayi, ɗanku ya jarraba wata Baturiya haifaffiyar garin da tambayar 1215. Ta juya cokali a kofi, ta dubi rufin ɗaki, ta ce ai tun tana makaranta rabonta da wannan. Sai ya ga dama ta samu, ya juya kujera ya zama shi ne mai tambaya. A wane gari jirgin sama ya fara sauka a Najeriya? Kano, 1925, kuma jiragen sojanku ne. Wane birni mai ganuwa Sarauniya Elizabeth ta ziyarta a 1956? Kano. Wane yaro Bahaushe ne ya zo Landan a 1855 tare da matafiyin nan Heinrich Barth, ya ba da labarai da Hausa aka buga su a littafi, daga baya ya koma ya rasu a Kano a 1912? Dorugu. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

A nan ɗanku ya kama bakin zaren. Mafi yawan tambayoyin da ake yi a shirye-shiryen nan labarin gidan masu su ne: sarakunansu, kogunansu, mawaƙansu, 'yan ƙwallonsu, aurarrakinsu. Sun rubuta, sun buga, sun sa a makaranta, sannan suka kafa kujera suna biyan wanda ya tuna. Baffa kuwa, da rediyonsa mai ɗaure da roba, yana sauraron BBC Hausa da aka buɗe tun 1957, yana bin Amsoshin Takardunku, zai iya jero firaministocin Birtaniya daga Margaret Thatcher har ya bi ta kan Liz Truss, wadda ba ta cika wata biyu ba a 2022. Ya san nasu, ya san namu. Su nasu kaɗai suka sani, shi ma da gyara.

Saboda haka ɗanku ya yanke shawarar neman shiga shirin miliyan, tunda a Salford ake ɗaukarsa, nan maƙwabta, kuma Baffa ne abokin wayarsa. Ga sharuɗɗa. A kai wayar wurin mai caji tun da safe. A hana yara taɓa ta. Baffa ya zauna a wurin da sabis ke kamawa, ko da kan dangar Yaya ne. Babban sharaɗi kuma: in ta yi ƙara, babu gaisuwa. Babu ina gajiya, babu ya sanyi, babu ya muka ji da kewa. Sakan 30 za su ƙare tun ba a iso kan lafiyar shanu ba, miliyan ta tafi, Bature ya tsaya yana mamakin wace irin amsa ce "lafiya lau".

Kafin miliyan ta zo, ga wata shawara da ba ta buƙatar biza. A hutun Babbar Sallah a shirya gasar Masanawa a filin firamare. A fara da masu sauƙi: ƙananan hukumomi nawa ne a Jihar Kano? 44. Wa ya fara mulkinta da aka ƙirƙiro ta a 1967? Audu Baƙo. A hau sama: wane sarki ne ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi a zamaninsa? Muhammadu Rumfa. A wace shekara Turawa suka ci Kano, a wace shekara layin dogo ya iso? 1903 da 1911. A sa yaro ya lissafo mazaɓun Kabo, a gani ko zai tuna da Gude da Godiya da Durun.

Sannan a zo kan manyan tambayoyi, waɗanda Google zai ɗaga hannu. Ta yaya ake bambanta gero da maiwa tun ba su fid da kai ba? Wace ƙasa ƙaura take so, wace farfara take so? Wa ya haƙa tsohuwar rijiya? Daga ina kakannin kowace unguwa suka taso, kuma me ya taso su? Waɗannan amsoshi suna kan Baffa da tsararrakinsa, kuma duk wasiƙar da ta zo daga gida sai an ce a yi haƙuri, wane ya riga mu gidan gaskiya.

Ɗanku ya ɗauki nauyin kyaututtuka. Zakara buhun taki, na biyu kwano, amma mai murfi. Abin da yake roƙo shi ne Yaya ya sayi littattafan rubutu ya raba wa yaran da suka gama sakandare, kowa ya zauna gaban dattijo ɗaya ya rubuta tambaya da amsarta, da sunan wanda ya faɗa. In an gama a ɗauki hoton shafukan a turo ta WhatsApp. Kuka da daddawa kuwa a ba duk mai tahowa, don waɗannan ba sa bin waya.

Wassalam.

Ɗanku na Mancesta.