Maraba da tabarau mai karanta zuciya

Allah ya saka wa masanan Turai da alheri. Wani kamfani a garin Brighton na Ingila, Emteq Labs, ya ƙera tabarau mai ƙananan na'urori da ke bin motsin kumatu da goshi, su kai wa waya rahoton ko mai sanye da shi murna yake ko ransa a ɓace. Dama an ce labarin zuciya a tambayi fuska, ga shi an samu mai tambayar da ba ya gajiya.

A fara rabon daga Gwandu, inda aka yi fiye da shekara 200 ana horar da yara kan kunya da kara, tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A sanya wa Bafulatana ranar da ɗanta na fari ya dawo daga hidimar ƙasa. Za ta kau da kai, ko sunansa ba za ta kama ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Nan take tabarau zai bankaɗo abin da ya ɓuya wa dangi kaf: ashe ba ta son yaron! Amaryar da ke kuka ranar kai ta ɗaki kuwa, a mayar da lefe kawai, kimiyya ta yanke hukunci.

Babbar ribar dai tana fadamar Kalgo. Manomi ne ruwa ya cinye masa shinkafa, irin ɓarnar da ambaliya ta yi wa Jihar Kebbi a 2020, ga bashin taki a wuya, amma ka yi masa jaje ya murmusa ya ce sai godiya. A da sai mai rabon agaji ya sha rana, ya taka laka, ya duba gona. Yanzu yana zaune a inuwa alƙaluma za su same shi: talakawa suna cikin annashuwa. Buhunan tallafi sai a wuce da su inda aka fi ɗaure fuska, gidajen manya ke nan.

Kada a kula 'yan hassada. Wai masaniya Lisa Feldman Barrett da abokan aikinta sun tace bincike sama da 1,000 a 2019, suka ce fuska ba ta fallasa zuciya yadda masani Paul Ekman ya koyar. Wai kamfanin Microsoft ya janye irin wannan manhaja a 2022, Tarayyar Turai kuma ta haramta ta a makarantu da wuraren aiki tun Fabrairun 2025. To madalla, kaya zai yi araha ke nan, mu da gwanjo ba baƙin juna ba ne. Saura caji, shi ma ga mai janareta can a bakin kasuwa.