Araha Ba Ta Ado, Taubashi

Manchesta, Ingila
Watan Oktoba

Zuwa ga taubashina, sarkin ciniki na Kantin Kwari,

Ya kasuwa, ya iyali, ya ƙafar Gwaggo? Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata ɗanta yana nan lafiya cikin addu'arta. Ka miƙa gaisuwata ga Baffa da mutanen majalisar ƙofar gida, har da waɗanda suke bin ka bashin shayi.

Dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne saƙon muryarka ya iso, na kuma saurare shi tun daga sallama har inda cajin wayarka ya ƙare a tsakiyar magana. Na gode da murnar da ka taya ni. Bizar maman Abba da yaran ta fito, alhamdu lillahi, kuma ba zan manta ba cewa kai ne ka rufe shago ka raka su Abuja gwajin tarin fuka, ka sake komawa da su ranar ɗaukar hoton yatsu. Allah ya saka da alheri. To amma sauran abin da na ji a saƙon nan shi ya hana ni barci. Ka ce ka samo wani yaro a WhatsApp mai sayar da tikiti rabin kuɗi, ka taya, ya yi albarka, ka sake tayawa, ya sallama, kuma ya ce in ba a biya yau ba kujerun sun tafi. Taubashi, kai da kake neman ragi a wurin mai kemis, kai da ka taɓa taya kuɗin aski bayan an gama yi maka rabin kai, na san daɗin da ka ji a ranka. Amma jirgin sama ba bandir ɗin shadda ba ne. Duk wanda ya sallama maka tikiti don ka juya baya kamar za ka tafi, ka tabbata ba tikiti ne a hannunsa ba.

Bari in nuna maka inda gizo yake saƙa. Takardar da yaron ya turo maka tana ɗauke da wasu haruffa da lambobi guda shida. Wannan shi ne bukin, wato an ɗan riƙe kujera na wani lokaci, kuma in ba a biya ba kamfanin zai sake ta da kansa. Tikiti na gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin ne: jirgin Habasha 071, na Masar 077, na Ƙatar 157. Kowane fasinja da tasa lambar, har jaririya. Na duba takardarka sama da ƙasa, babu ko ɗaya. Haka ake cin mutane: a nuna maka bukin, ka biya, kwana kaɗan kujerar ta ɓace, sai ranar tafiya a gaban kanta, da akwatuna da yara da 'yan rakiya, a ce babu sunanku. Don haka ko wa ya sayar, a shiga shafin kamfanin jirgin da kansa, a sa sunan mahaifi da haruffan nan shida, a ga lambar tikiti da ido.

Ko da a ce tikitin yaron na gaske ne, ka duba hanyar da ya zana musu. Daga Kano su hau ƙaramin jirgi zuwa Legas, su kwana, su tashi zuwa Frankfurt, su sauya jirgi zuwa Landan, sannan su nemi motar Manchesta. Mace ɗaya, da Abba ɗan shekara biyar a hannu, da Ummi a goye a baya! Kai da kanka, da ka je Legas saro kaya, sai da ka yi mako kana ba mu labarin gadar sama. Sannan akwai abin da yaron bai gaya maka ba. Najeriya tana cikin ƙasashen da ake nema wa bizar yada zango a filayen jiragen ƙasashen Shengen, ko da mutum ba zai leƙa waje ba, kuma tun da Ingila ta fice daga Tarayyar Turai bizarta ta daina ɗauke wa mutum wannan nauyi a Jamus. Tun a Legas za a tsayar da su. Ƙari a kan haka, tikiti biyu ne daban ya haɗa. In jirgin Kano ya makara, na Legas ya tashi, babu wanda zai saurare ta, kuɗi sun tafi. Amma in tikiti ɗaya ne tun daga Kano har nan, kamfanin ne zai nema musu jirgi na gaba, kuma akwatunan da aka karɓa a filin jirgin Malam Aminu Kano ba za ta sake ɗaga su ba sai a Manchesta.

Kada ka ce na zama Bature na daina son sauƙi. Ina so ƙwarai, kowane fam da gumi nake samun sa, kuma ga hayar gida mai ɗaki biyu tana jira na. Sai dai ni lissafina daga ƙofar gidan Gwaggo yake farawa, ya ƙare a ƙofar gidana. Ka ɗora kuɗin jirgin Legas, da kuɗin kayan da suka wuce kima a ƙaramin jirgi, da otal, da tasi, da motar Landan zuwa nan wadda take cin wajen awa biyar, sai ka ga rabin kuɗin nan ya cika ya tumbatsa. Jiragen Habasha da Masar da Ƙatar suna tashi daga Kano, su tsaya a Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha, kuma dukkansu suna sauka a Manchesta. Sauyin jirgi ɗaya ke nan, abincin halal, ga wurin salla a filin jirgin. A cikinsu nake dubawa. Kullum in na taso daga aiki sai in buɗe Google Flights da Skyscanner in ga ranakun da farashi ya sauka, sannan in koma shafin kamfanin in gwada, in kuma kwatanta da abin da ejan mai ofis da rajista zai ce a naira. Ranakun tsakiyar mako sukan fi sauƙi. Tikitin tafiya kaɗai za a yanka, tun da zama za su zo yi, ko da yake kada ka yi tsammanin rabin kuɗin zuwa da dawowa ne, yakan haura haka.

Ka gode wa Allah ma ba a 2023 bizar ta fito ba. A shekarar ne kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala suka haura dala miliyan 800, kamfanonin suka rufe kujeru masu sauƙi ga mai biya da naira, ga kuma darajar naira da ta faɗi daga watan Yuni. Sai da aka biya yawancin kuɗin, kuma Air Peace ya fara zuwa Gatwick daga Legas a ƙarshen Maris na 2024, sannan farashin Landan ya ɗan sassauta.

Yanzu ga maganar rana, kuma nan nake so ka buɗe kunne fiye da yadda kake buɗe shi in an ambaci tuwon biki. Ka ce a bari sai Disamba, bayan auren ƙanwarka, don maman Abba ta yi anko. Ina son amarya, kuma gudummawata tana hanya, amma Disamba ita ce lokacin da kowa yake tafiya hutun ƙarshen shekara, kujera takan yi tsada kamar yadda take yi a Agusta da Satumba in ɗalibai za su koma makaranta. Babban dalilin kuwa Ummi ce. A farkon Disamba za ta cika shekara biyu. Yaron da bai kai biyu ba a cinya yake tafiya, abin da ake biya masa bai fi kashi ɗaya cikin goma na kuɗin babba ba, ban da haraji. Ranar da ya cika biyu kuwa, sai an saya masa kujera, wajen kashi uku cikin huɗu, kamar yadda za a biya wa Abba. Kuma kada zuciyarka ta ɗan kasuwa ta raya maka a ce 'yar wata ashirin ce don tana da ƙaramin jiki: ranar haihuwarta tana cikin fasfo. Saboda haka tsakiyar Nuwamba nake nema, bayan ranar da bizarsu ta fara aiki, domin ba a shigowa kafin wannan ranar.

Ka turo mini hoton fasfo ɗin su uku, shafin da yake da hoto, a wuri mai haske, ba tare da babban yatsanka ya rufe rabin suna ba. Yadda aka rubuta sunan a fasfo haka za a rubuta a tikiti, harafi da harafi. In fasfo ya ce Mohammed, kada wani malami a majalisa ya gyara ya ce Muhammad ne daidai. Gyaran suna bayan an yanki tikiti wahala ce, wani lokaci da kuɗi. In da katina na biya, zan tambayi kamfanin tun da wuri ko suna bukatar shaida, domin wasu sukan nemi ganin katin a kanta in mai shi ba ya cikin tafiyar.

Sai kaya. Na ji labarin abin da aka tara a ɗakin Gwaggo, an ce har turmi da taɓarya sun shiga layi. Yawanci a wannan hanya babba yana da akwati biyu, kowanne kilo 23, Abba ma haka, da jakar hannu ta wajen kilo 7. Ka ari sikelin mai gas na bakin layi a auna kowane akwati. Kada ka ɗaga da hannu ka lumshe ido ka ce "wannan ashirin ne cif", domin hannunka a kan yadi ya ƙware. A samu akwatuna na gaske, kamfanin Habasha ya hana jakar Gana-mas-go tun ƙarshen 2023.

Abin da zai fi yi wa Gwaggo ciwo shi ne kilishi. Ka lallashe ta. Dokar ƙasar nan ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shigo da nama da duk abin da aka yi da madara. Kilishi, dambun nama, soyayyen naman salla, man shanu, cuku, duk kwastan za su karɓe su zubar, har tara suna iya ci. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma kuma har kilo 2. Nama kam muna da shi, mahautan halal sun cika Longsight da Cheetham Hill, manja da garin rogo suna nan a shagunan Moston. Abin da nake kewa shi ne daddawar gida, da kuka mai kyau, da busasshiyar kuɓewa, da yajin ƙuli na hannun Gwaggo. A naɗe daddawar a leda uku a sa a roba mai murfi, don kada atamfofin maman Abba su iso suna ƙamshin miya. Kilishin da aka riga aka saya kuwa, na san inda zai kwana ko na yarda ko ban yarda ba, to na yafe maka duniya da lahira, kuma ka lissafa shi a cikin kuɗin sharar bana.

Ga wata magana da babu wasa a cikinta. Da zarar an ji za su tafi, masu saƙo za su yi ta sallama. Kada maman Abba ta karɓi ƙullin kowa sai an kwance a gabanta ta ga abin da ke ciki, na wanda ba a sani ba kuwa kada a karɓa sam. Ka tuna ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018, saboda jakar ƙwaya da wasu suka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano, ba a sako ta ba sai bayan watanni, a 2019. A kanta, ta ƙirga akwatunanta, ta ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da za a liƙa mata, su zo daidai, ta ɗauki hotonsu ta turo mana.

A jakar hannu a sa fasfo, da takardun biza, da takardar gwajin tarin fuka, da katin rigakafin shawara, da takardun haihuwar yara, da adireshina da lambar wayata a rubuce a takarda, saboda na san dangin da suke barin waya ta mutu. A sa kayan canji na yara da abincin Ummi. Ka shiga Ƙofar Wambai ka zaɓo musu rigunan sanyi masu kauri na gwanjo, da huluna da safa, nan ne na sake maka mara ka yi ciniki har mai kaya ya yi kuka. Rigunan su zauna a hannu, kada a cusa su a ƙasan akwati. Nuwamban garin nan ruwa ne da iska, kuma wajen ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi.

Lokacin tashi da ke jikin tikiti na garin da jirgin zai tashi ne, kuma daga ƙarshen Oktoba kuna gabanmu da awa ɗaya. Ku isa filin jirgi awa uku kafin tashi, awa uku na agogo, ba irin "ga ni nan a hanya" da kake cewa kana banɗaki ba. 'Yan rakiya mota ɗaya ta isa, tun da a ƙofa za a tsayar da kowa. A yi koke-koken da addu'o'in a gida tun da dare, Baffa ya sa musu albarka a natse.

Ka mayar wa yaron nan amsa yau cewa mun gode, kada ka tura masa ko sisi, ko da sunan kafin alƙalami ne. Ka turo hotunan fasfo kafin Juma'a, ni kuma zan yanki tikitin in turo maka lambobin guda uku ka duba da idonka. Allah ya kawo su lafiya, ya bar zumunci.

Wassalam,
Taubashinka na Manchesta