Makulli a Hannuna, Tarakta Tana Tafiya

Bayan da na ajiye alli na karɓi giratuti, sai na lura cewa 'yar gonar da ke bayan gidana, wadda ba ta wuce eka 3 ba, ta fi ƙarfin ƙuguna, 'yan ƙwadago kuma sun fi ƙarfin aljihuna, shi kuwa mai taraktar haya ba ya waiwayar ƙaramin manomi sai damina ta raba tsakiya. Saboda haka na yi istihara, na shawarci uwargida ta ce ba ta ga alheri a ciki ba, na yi mata godiya bisa wannan nasiha, shekaranjiya kuma na saɓa babbar riga na nufi wani filin dillalan injinan noma a hanyar Zariya.

Dillalin da ya tarbe ni mutum ne mai fasahar harshe, wanda tun ban zauna ba ya ba ni aikin hajjin da ban yi ba. Ya jera mini Kubota ta Japan mai launin lemo, 'yar ƙarama mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda aka saba da ita a fadamun shinkafa. Da Massey Ferguson ja, wadda ya ce babu bakaniken ƙauyen da bai san cikinta ba. Da Mahindra ta Indiya. Ya ce mas'alar zaɓen tarakta tana kan rukunai huɗu: girman fili, da irin ƙasa, jigawa ce ko laka, da faɗin ƙofar da za ta riƙa shiga, da kusancin kayan gyara, wanda duk ya sayi mai ƙarfin doki 75 don eka 3, in ji shi, zai ƙare damina yana neman wurin juyawa. Ya nuna mini hannuwa uku na ƙarfe da ke ɗaukar garma a baya, ya ce hikimar Harry Ferguson ce, mutumin Ailan, wadda ta bazu a duniya tun da aka sa ta a taraktar Ford a 1939. Na saurari wannan karatu duka cikin ladabi, sa'an nan na tambayi wadda ta fi araha, aka kai ni ƙarshen fili wurin wata tsohuwa da rana ta cinye fentinta har sunanta ya goge, da garmar faifai rataye a bayanta.

“Alhaji, hau ka ɗana,” in ji shi, “amma a naɗe riga, gama wannan sandar ta baya tana juyawa sau 540 a minti, ba ta kuwa san shadda ba.” Na naɗe, na hau, ya tayar da inji, ya sa giya, ya ɗaga yatsa zai faɗa mini abu na ƙarshe wanda ya ce ya fi sauran duka muhimmanci, sai wayarsa ta yi ƙara, ya ba ni baya yana gaisawa da wani.

Abin da ya biyo baya ya faru ne bisa tsari, kowane sababi yana haifar da na gabansa. Na ga katanga tana matsowa, na ja wani ɗan ƙarfe da ke ƙarƙashin sitiyari bisa kyakkyawan zaton zai rage tafiya, ashe totur ne na hannu, wanda inda ka ajiye shi nan yake zama. Na taka birki, ashe birkin tarakta biyu ne gefe da gefe, ɗaya na tayar hagu ɗaya na dama, domin juyawa a ƙarshen kunya, maratayin da ke haɗa su kuwa a buɗe yake. Ƙafata ta sami na hagu kaɗai, tayar hagu ta dage, ta dama ta ci gaba da hidimarta, muka kama zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Na lalubi abin riƙewa a damana, na danne hannun da ke saukar da garma, faifai ya nutse cikin filin mutane. Kuloci kuwa, wanda taka shi kaɗai da ya yanke husuma, yana gefen hagu, alhali ƙafata ta hagu ta yi ritaya tun ranar da na sayi mota mai canza giya da kanta.

A nan ne basira ta zo mini. Na tuna cewa kowane abin hawa da na sani a rayuwata ransa yana hannun makulli, sai na murɗa shi, na zare shi, na ɗaga shi sama yadda jama'ar da ta fara taruwa za ta shaida cewa al'amari ya zo ƙarshe. Har na yi ɗan murmushi, na gyaɗa kai ga mai shayin da ke bakin ƙofa, irin gyaɗawar da shugaban makaranta ke yi bayan ya kashe rigimar ɗalibai. Tarakta ba ta ko yi tari ba. Na dubi makulli, makulli ne. Na dubi raminsa, babu komai a ciki. Na dubi salansa, tana fitar da hayaƙi cikin natsuwa da yaƙini. Tun daren shekaranjiya, duk sa'ad da na rufe ido, wannan hannu nake gani a sama, da makulli yana walƙiya a cikinsa, da murmushin da ya ƙi sauka daga fuskata domin bai sami umarni ba, har na kammala zagaye guda cur ina nuna wa kowane sashe na taron hujjar da ta riga ta rushe. Da a ce na yi ihu tun farko, da an tausaya mini. Amma mutumin da ya yi shelar nasara da hannunsa, sa'an nan aka wuce da shi ta gaban masu sauraro yana riƙe da shelar, babu wani babi na tausayi da ya ƙunshe shi.

Daga baya aka fahimtar da ni illar abin: injin gas ba shi da fulogi, matsin iska ne ke kunna mansa, don haka a tsofaffin taraktoci makulli aikinsa tayarwa ne kawai, kashewa kuwa sai an ja wata 'yar igiya mai ƙulli da ke toshe hanyar mai. Wannan shi ne abu na ƙarshe da dillali ya ɗaga yatsa zai faɗa. A lokacin yana biye da ni a guje yana faɗarsa da iyakar muryarsa, amma rugugin inji ya haɗiye ta.

Muryar da ke isowa kunnena guda ce tak, ta wani dattijo mai shanun huɗa da ya zo sayen bakin garma, wanda ya zauna a gindin darbejiya daidai gaɓar da'irata, bai ko janye ƙafarsa ba. Da yake ba na daɗewa a gabansa, sai ya rarraba fatawarsa jumla jumla, kowane zagaye da rabonsa.

“Malam, kada ka nuna mata kana tsoro.”

Na tafi na dawo.

“Suna ganewa. Sa ma haka yake.”

Na ce, “Baba, yaya ake tsayar da ita?” Amsa ba ta same ni ba sai a zagaye na gaba, bayan ya yi nazari.

“Wa ya rene ta? A kira shi, muryarsa za ta ji.”

Mai shayi ya sa baki ya ce a ƙyale ni har mai ya ƙare, yaron dillali ya ce da safe aka cika tanki, dattijo ya yi ƙiyasi da ido ya ce to sai dai a miƙa mini buta, gama la'asar za ta same ni a kai. Hulata ta faɗi, garma ta binne ta, ya ce in bar ta, ba a waiwaye a bakin aiki. Da na sake zagayowa na tarar ya juya yana yi wa jama'a bayani cewa shi shekarunsa duka bai taɓa ganin san da ya ƙi tsayawa bayan an cire masa karkiya ba, kuma aibin kayan Nasara ke nan, ba su gajiya, abin da ba ya gajiya kuwa ba ya jin magana. Wallahi, ko a cikin wannan hali, na ji hujjar ta shige ni.

Wani yaro da bai isa aske gemu ba, mai wanke injina a filin, shi ya gaji da kallo, ya ɗafe ta baya, ya zura hannu ta ƙarƙashin hammatata ya ja igiyar nan, duniya ta yi tsit. Na sauko ƙasa tana juya mini, na miƙa wa dillali makullinsa ba tare da mun haɗa ido ba, shi kuwa yana duban filinsa da aka yi wa huɗa ba da yardarsa ba.

Dattijo ya taso da sandarsa, ya duƙa ya damƙi ƙasar da garma ta juye, ya murza ta a tafin hannu, ya yaba zurfin aikin, sa'an nan ya dubi dillali ya ce, “Ɗana, wannan mai zagayen mun gani. Ita mai tafiya a miƙe, nawa kuke sayarwa?”