Bahaushe da Kwanon Kushari

Tun ƙarni na 13 mutanen yankinmu ke tafiya Masar neman ilimi, har masanin tarihi Maƙrizi ya ambaci makarantar da mutanen Kanem suka gina a can domin ɗalibansu da alhazansu. Har gobe jirgin Kano na sauke samari da 'yan mata a Alƙahira, wasu Azhar, wasu likitanci. Wajen Nahawu da Balaga kowa da irin ƙoƙarinsa. Amma in kana son sanin halin ɗalibi, bari azahar ta yi, a dire masa kwanon kushari: shinkafa da makaroni da adas a cakuɗe, an kwarara miyar tumatir, an barbaɗa soyayyar albasa, ga ruwan tafarnuwa mai tsami da yajin shaɗɗa a gefe. Nan ake rabuwa gida-gida.

Na farko shi ne Mai Guzuri. Shi tun a filin jirgi aka san da zuwansa, domin kayansa sun haura kilo, kuma da aka ce ya rage, riguna ya fitar ya bar daddawa. Akwatinsa akwai kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin citta, dambun nama, garin kunu, da kilishi a naɗe cikin takarda. Kushari kuwa kallo ɗaya ya yi masa ya ce, "Ni ba a haɗa mini abinci uku a kwano ɗaya, ba almajiranci na zo ba." Wata biyun farko sarauta yake yi a Madinatul Bu'us, masaukin ɗalibai baƙi na Azhar da ke Abbasiyya. Wanda bai taɓa gaishe shi ba ma sai ya leƙo da "Malam, ya ƙoƙari?" daidai lokacin da tukunya ta fara tafasa. Mabuɗin akwatin a wuyansa yake kwana. Ranar da kuka ta ƙare fadawa suka watse, kuma an gan shi da sanyin safiya a gaban amalanken mai ful, dafaffen waken Masar, ya ja hula har gira.

Sai Malam Ai-Namu-Ne. Wannan yana cin komai, sai dai ba ya haɗiyewa sai ya yi wa abincin asali. Ɗa'amiyya ƙosai ne da aka cika wa ganye. Karkade zoɓo ne. Bamiya kuɓewa ce da aka hana ta yauƙi. Mulukiyya kuwa, wadda Misirawa ke ji da ita, lalo ce tsagwaronta, irin wadda ke fitowa a bayan gida da damina. Abin haushin shi ne yawanci gaskiya yake faɗa. Matsalarsa bai san inda ake tsayawa ba. Maƙwabciya ta aiko da mulukiyya da naman zomo, irin wadda uwar gida ke jan numfashi da ƙarfi lokacin da take juye soyayyar tafarnuwa a cikinta, wai don ta yi daɗi. Maimakon godiya sai ya tare yaron da aka aiko yana yi masa bayanin cewa da an jefa 'yar kanwa da daddawa da ta zama miya. An gaya masa halifan Faɗimiyya Alhakim ya taɓa haramta cin mulukiyya shekara dubu da suka wuce, ya ce ai dole, tunda ba tuwo.

Kishiyarsa shi ne Bamisiren Ƙarfi da Yaji. Wata uku da sauka ya daina cewa "to", sai "mashi". Kowa "ya basha" ne a bakinsa, har limamin unguwarsu in sun yi waya. Ya ji an ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya ka nemi tsumma ka ɗaura, shi kuwa sai ya ɗaura biyu. Yana cin tattabarar da aka cusa wa alkama a ciki, yana cin hanjin da aka ɗura wa shinkafa, yana shan ruwan tsamin turshi yana lumshe ido. Duk wannan ba laifi, har ma ya fi sauran sanin gari. Inda yake gamuwa da gamonsa shi ne Shammun Nasim, bikin bazara da ake yi ranar Litinin bayan Istan Kibɗawa. Abincin ranar fasik ne, kifin da aka bari ya kumbura sannan aka jibge shi cikin gishiri na makonni. Duk shekara ma'aikatar lafiya ta Masar kan gargaɗi jama'a a kansa, domin a 1991 gubarsa ta kashe mutum 18 a Alƙahira. Su masu abin sun san shagon da iyayensu ke saye, sun san yawan lemon tsami da ɗanyar albasar da ake haɗa shi da su. Namu kuwa a bakin titi ya saya, mai araha. Kwana biyu ba a ji "ya basha" ba, sai "wayyo Inna" cikin Hausa tatacciya.

Mai Lissafi ba ya cin abinci, naira yake taunawa. Kafin ya karɓi kofin ruwan rake sai ya ciro waya ya juya kuɗin. Ya san gurasar tallafi ta shekara talatin da ɗoriya a ƙirshi 5 kafin gwamnati ta mai da ita ƙirshi 20 a watan Yunin 2024, kuma ya fi 'yan ƙasa jin zafin ƙarin, alhali shi ba shi da katin tallafin. Ranar da fam ɗin Masar ya faɗi a watan Maris na shekarar ya yi murna, sai ya tuna ita ma naira tana ƙasa.

Akwai kuma Ustaz Mai Shubuha, wanda ya zo garin Azhar ya rasa abin da ya halatta. Naman firji daga Brazil ko Indiya yake, wa ya ga yankan? Kaguwa fa? Zomon nan an tabbatar zomo ne? Mahauci ya yi masa rantsuwa, ya nuna masa saiɓar salla a goshinsa, Ustaz ya ce zai bincika. Shekara ta zagayo yana kan burodi da shayi. Amma in aka kawo kayan zaki irin su kunafa ko basbusa, ba ya tambayar isnadi.

Mai Hoto ba ya buƙatar dogon bayani. Yana da hoto a gahawar Fishawi cikin Khan Khalili, da butar shayi da na'ana'a a gabansa. Yana da hoto da kwanon kushari na shagon Abu Ɗariƙ. A Facebook ya cinye Masar kaf. A ɗaki kuwa Indomie ce safe da dare.

A can Hayyul Ashir, inda baƙi 'yan Afirka suka yi yawa, akwai Anti Mai Tuwo. Likitanci ta zo karantawa, sai ta lura maza ɗari na kukan gida ba wanda ya iya tuƙi. Ta gano shagon 'yan Sudan da ke sayar da garin kuɓewa, ta gane shinkafar Masar mai danƙo kamar don tuwo aka halicce ta. Ranar Juma'a wayarta ba ta hutawa: "Anti, don Allah malmala uku, a sa man shanu." Bashi kuwa ba ta bayarwa, ko da Ustaz ne ya zo da ayar sadaka. Har Bamisiren Ƙarfi da Yaji yana saye, sai dai yakan aiko wani ya karɓo masa.

Wanda ya fi burge ni cikinsu shi ne Sarkin Ma'ida. Wata goma sha ɗaya ba a jin ɗuriyarsa, sai an ga watan azumi. A Ramadan attajirai da 'yan unguwa kan jera tebura a titi, Ma'idatur Rahman, duk wanda magariba ta riska ya zauna ya sha ruwa kyauta. Shi wannan yana da taswirar gari a kansa. Ya san teburin da ake ba da nama yanka biyu, da wanda kaza ce ranar Alhamis, da wanda ake ƙarawa da ƙaɗayif. Tun la'asar sakaliya yake saɓa jallabiya, sababbin zuwa na biye da shi a layi, yana ba su darasi a cikin motar haya: kada ka zauna a bakin tebur, tire daga tsakiya yake farawa, in direba ya ce maka "itfaddal", wato bismilla, yana cin gurasarsa, ka ce Allah ya ƙara, ba da gaske yake ba, in dattijon ma'ida ne ya faɗa, zauna, ƙin zama cin fuska ne. Yana zama tsakanin mai shara da ɗan sanda, ya karya gurasa ya miƙa wa na kusa, a tambaye shi daga ina, ya ce Nijeriya, hirar ƙwallo ta ɓarke har a kira isha. Larabcin kasuwa da ke bakinsa ba wanda ya kama ƙafarsa, kuma rabin masu gadin Abbasiyya sun san sunansa. Jarrabawar Sarfu ce dai har yanzu take bin sa bashi, ya ce sai bayan Salla.